Shanun Baba da Saniyar Jawa

Lahadi, 8 ga Satumba

Saƙon murya na minti tara. Na saurara ina wanke-wanke, don in na zauna musamman raina ne zai ɓaci.

Wata bakwai ke nan da Junaid ya tafi Jawa, can ƙasar Indunusiya, koyon noman shinkafa. Ya bar ni nan Sakkwato, a unguwar Gawon Nama, da yara biyu da aikin koyarwa da ɗaki mai yoyo. Yanzu an rarraba su ƙauyuka, shi an sauke shi gidan wani tsoho, Pak Warno. Wai ƙauyen a gindin wani dutse yake, kore shar. Wai ana shanya shinkafa a bakin hanya a tafi masallaci. Babur da makulli a jiki. Kowane gida da ɗan gwangwani rataye a ƙofa, a zuba shinkafa kaɗan, masu gadi su kwashe. Mazan gari ne ke gadin bi da bi, har liman. Akwai wani rarakakken kututture da suke bugawa, kiɗan ɓarawo daban, na gobara daban, na rasuwa daban.

"Na'ima, ba ki ga yadda hankalin mutane yake kwance a nan ba."

Ban gani ba kam. Ni kwaɗo biyu nake sa wa ƙofa, duk da haka an sace mana injin ruwa a watan jiya. Ban gaya masa ba. Me zai yi, ya buga mini kututture?

Laraba, 11 ga Satumba

Muntari, ƙanensa, ya kira daga Tungar Jelani. Mutanen daji sun aiko. Ba wanda zai taɓa geronsa sai an kai musu abin da suka yanka wa gari. Gero kuwa ya nuna.

Asabar, 14 ga Satumba

Inna, mahaifiyar su Junaid, ta iso da hantsi, ita da Rukayya matar Muntari da yara huɗu da akuya ɗaya da turmi. Turmi! A bayan a-kori-kura tun daga bayan Wamakko. Na ce Inna ai muna da turmi. Ta ce, "Wanga na uwata na."

Na ba su falo da ɗakin yara. Akuya ta cinye mini zogale kafin azahar.

Baba bai zo ba. Inna ta ce ta yi roƙo har ta gaji. Shanun huɗarsa biyu, Jatau da Bokolo, da gonar gero, da rumbu. Ba zai bar su ba. Muntari ya tsaya saboda shi.

Ban taɓa son ƙauyen nan nasu ba. Shekara tara da aure, ban taɓa kwana uku a jere a can ba. Ga shi ya biyo ni har tsakar gidana.

Talata, 17 ga Satumba

Na gaya wa Junaid. Ya yi salati, sai kuma ya fara. Wai matsalarmu rashin tsari. Wai in Muntari zai tara matasa su kasa kansu, a sami abin bugawa a kowace unguwa, a haɗa kai da ƙauyukan kusa. Har hoton jadawalin gadin su Pak Warno ya turo, an rubuta da alli a allo.

Na tura wa Muntari kamar yadda ya ce. Amsar da ya ba ni: "Matar yaya, ki ce mai su ɓarayin can kaji suka sata. Namu da bindiga suka zuwa, kan babur talatin, da rana tsaka."

Ban isar da wannan ba. Wai don kada ransa ya ɓaci. Ni nawa ran fa?

Asabar, 21 ga Satumba

Na je Wamakko da kaina. Muntari ya tsegunta mini Baba zai shigo sayen kanwar shanu. Na same shi a tasha, gindin dogon yaro, buhu a gabansa. Na durƙusa na gaishe shi, ya yi mamakin ganina.

Na yi duk maganar da na shirya a mota. Ɗaki na nan, Inna ba ta cin abinci, jikokinsa na tambaya. Na ce ko sati biyu ne, har ƙura ta lafa. Ya bar ni na gama tas.

"Ɗiyata, Allah shi yi miki albarka. Amma gero ba ya bin mutum birni. Shanun ga kuwa, in na baro su, wa ka ba su ruwa?"

Na ce a sayar da su mana. Ya dube ni kamar na ce a sayar da Muntari.

Ya ciro tumu huɗu daga buhu, ya ce a gasa wa yara. Na dawo ina kuka a mota, na haushi ne ba na tausayi ba. Taurin kai gadonsu ne. Ɗaya ya ƙi barin ƙauyensa, ɗaya ya tafi ƙauyen wasu yana yabo.

Alhamis, 26 ga Satumba

Hotuna goma sha ɗaya na shinkafa. Ban buɗe ba.

Litinin, 30 ga Satumba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ina aji aka kira ni. Mutanen daji sun shigo Tungar Jelani jiya da la'asar, mutane na gona, don gari ya gaji da jira ya fara girbi ba a gama biya ba. Sun kashe mutum uku, har da Gazali maƙwabcinsu, wanda ke kawo mini albasa duk shekara. Sun cinna wa rumbuna wuta. Sun kora shanun gari kaf.

Baba ya riƙe igiyar Bokolo ya ƙi saki. Da gindin bindiga suka karya masa hannu, suka fasa masa goshi. Muntari yana cikin dawa a kwance, yana gani, bai iya fitowa ba. Da yake ba ni labari a barandar asibiti nan ya tsaya ya kasa ci gaba. Na miƙa masa ruwa. Me ake cewa?

Abu na farko da Baba ya faɗa mini: "Kak ki hwaɗa ma Junaidu. Karatu yaka yi."

Laraba, 2 ga Oktoba

Kwana biyu na riƙe. Yau ya turo bidiyon bikin girbi, mata ɗauke da faifai, ana kiɗa, shi yana dariya da malfa a ka. Sai na kira shi na zazzage komai, ban tausasa ko kalma ɗaya ba. Na ce ga abin da aka yi wa mahaifinka lokacin da kake rawa.

Ya yi kuka. Ya ce zai nemi izini ya dawo. Aka ba Baba waya, ya ce in ya dawo bai gama ba bai yafe ba. Shi ke nan, magana ta ƙare tsakanin uba da ɗa. Wadda ke kai abinci asibiti sau biyu a rana ba a tambaye ta ba.

Asabar, 5 ga Oktoba

An sallamo shi. Yana zaune a zaure kan tabarma, hannu a ɗaure, fuska ga bango. Ba ya rediyo, ba ya hira. Fura kawai. Mutum goma sha ɗaya a gidan mutum huɗu, ban-ɗaki ɗaya.

Laraba, 9 ga Oktoba

Wani Alhaji Jafar ya zo jaje da lemo kwali guda. Ban san shi ba. Ashe shi ne ke bin 'yan gudun hijira gida-gida yana saye gonakinsu. Abin da ya taya gonar Baba da fadamar bakin gulbi ko kuɗin Jatau shi kaɗai bai kai ba. Yana magana yana jan carbi. Wai taimako ne, tunda wa ya san ranar komawa.

Waɗancan sun zo da bindiga, wannan ya zo da lemo.

Muntari na son a sayar ya sayi babur ya shiga kabu-kabu. Ban ga laifinsa ba, 'ya'ya huɗu. Mutumin Jawa ma, da aka kira shi, cewa ya yi ƙasa ba ta fi rai ba, a sayar. Shi da ke cika mini kunne da yadda Pak Warno ke noma gonar kakan kakansa. Baba ko juyowa daga bango bai yi ba. Alhaji ya ce zai dawo ƙarshen wata.

Ba ruwana. Ba gonar ubana ba ce.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Tun jiya babu saƙo. Hutu.

Litinin, 14 ga Oktoba

Wata malama a ɗakin malamai ta nuna mini a wayarta. Wani dutse a Jawa yana aman wuta, ana kwashe ƙauyuka. Ban san sunan dutsensu ba. Ya faɗa, ya fi sau goma, ban taɓa riƙewa ba. Na koma kan saƙonnin da ban buɗe ba ina nema. Shi ne.

Wayarsa a kashe. Ban gaya wa Inna ba.

Talata, 15 ga Oktoba

A kashe. Na sa gishiri sau biyu a miya. Rukayya ta dube ni, ta karɓi ludayin ba ta tambaya ba.

Maganar da na yi masa ta rawa. Allah, kada ta zama ita ce bankwanarmu.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Ya kira da safe, muryarsa a dishe. Suna wata makarantar firamare, ƙauyen gaba ɗaya, a kan tabarmi. Toka ta sauka kamar ruwan sama, ta rufe gonaki, ta karya rufin gidaje, shinkafar da ba a yanka ba ta tafi. Kututturen dai ya yi aikinsa, an buga, kowa ya fito, ba a rasa rai ba.

Amma Pak Warno, ɗan shekara saba'in da wani abu, kullum da sassafe sai ya sulale ta bayan shingen jami'an tsaro ya hau ƙauyen. Saniyarsa na can a ɗaure, motar kwashe mutane ba ta ɗauki dabbobi ba. 'Ya'yansa sun yi faɗa, sun yi kuka. Jiya Junaid ya bi shi ya ɗaukar masa ciyawa da jarkar ruwa, toka har idon sawu.

Na buɗe baki zan ce ba ka da hankali. Na manta wayar a buɗe take kowa na ji, kuma a bakin zaure nake tsaye. Sai na ji muryar Baba, wanda ya kwana goma sha biyu bai haɗa kalma biyar ba.

"Saniyar ta rayu?"

Junaid ya ce ta rayu Baba, tari kawai take yi, yau za su gwada sauko da ita.

"A wanke mata hanci da ruwan ɗumi. A ba ta kanwa in suna da ita. Ka gaishe min da tsohon ga. Ka ce mai wani ɗan'uwanai na Sakkwato na gaishe shi."

Sai Junaid ya ce, Baba, maganar gona, na janye.

Na shiga ban-ɗaki na daɗe. Da rana Baba ya ci tuwo.

Lahadi, 27 ga Oktoba

Alhaji Jafar ya dawo da takarda a rubuce, Muntari ba ya nan, Baba na barci. Ni na fita. Na ce masa fadamar ba ta sayarwa ba ce, gonar ma haka. Ya ce da wa yake magana. Na ce da matar gidan da yake tsaye a ƙofarsa. Ban san daga ina maganar ta fito ba. Muntari ya yi fushi da ya ji, har yanzu gaisuwa kawai muke. Na yi wa yayana magana ko zai ba shi baburinsa ya riƙa aiki da shi, ya ce zai duba.

Shekaranjiya Muntari ya leƙa Tungar Jelani da wasu mutum biyar. Gari ba kowa. A ƙarƙashin tokar rumbu ya tono dami ɗaya da wuta ba ta cinye ba. Baba ya wuni yana zaɓar zangarniya da hannu ɗaya, yana ware iri. Ya cika kwano biyu. Ya ce a nema masa inda za a ajiye har damina.

Wace damina? Ba wanda ya ce mutanen dajin sun tafi. Jatau da Bokolo ba za su dawo ba. Mutumin Jawa saura masa wata huɗu, kuma ban huce ba, kada ya ɗauka na huce.

Na sauke babbar kular nan ta kayan ɗakina, wadda Mama ta saya mini, ban taɓa zuba komai a ciki ba. Na goge, na juye irin, na rufe, na mayar cikin kabet na kulle. Inna ta gani ta kama baki.

Ba wani abu ba ne. Ɓeraye ne suka yi yawa a sito.