Jan Maɓallin da Ka Cire Saboda Ni

Zuwa ga Mai Sunan Malam,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya a Legas, da kai da aikinka. Da hannuna nake rubuta wannan. In ka ga wani harafi ya karkace ka yi haƙuri, ka san da furfura na shiga ajin yaƙi da jahilci.

Ƙanwarka Hadiza ta leƙo daga gidan mijinta, ta ce mutane na ta tambayarka a intanet me ya sa ka ƙirƙiri manhajar kallon bidiyo a kwamfuta, alhali ga irinta nan birjik. Wai ka ce saboda tsofaffi ne. Ka rufa min asiri, amma ni na san tsohuwar.

Bayan rasuwar mahaifinka ka bar min kwamfutarka ta tebur, da bidiyon nan da ka ɗauke shi yana ba tumaki dusa, yana yi musu faɗa kamar masu jin magana. Ni a zatona duk wanda ya danna jan maɓallin nan na kusurwa ya goge bidiyon ke nan har abada. Shi ya sa ba na rufewa. In zan yi salla sai in tsayar da shi, in lulluɓe allon da ɗankwali.

Ranar da aka ɗauke wuta allon ya yi baƙi, ka shigo ka tarar da ni zaune a ƙasa. Na ce maka, "Malam ya sake tafiya." Ba ka yi dariya ba. Ka zauna kusa da ni har wuta ta dawo.

Taka manhajar ba ta da jan maɓalli. Manyan rubutu ne da Hausa: Kalla, Tsaya, Ajiye. Ko an ɗauke wuta, tana ci gaba daga inda ta tsaya. Ba ta taɓa ba ni wahala ba, Allah Ya yi maka albarka.

Amma tun da ka gama ta, bidiyo kake aikowa Hadiza ta zuba min. Ga ka a ofis, ga ka a bakin teku. Nakan mayar baya in duba ko ka rame. Rannan ka yi tari a ciki, na ce sannu, ka ci gaba da maganarka. Yanzu ku biyu ne jere a allon, kai da mahaifinka. Shi ya riga mu gidan gaskiya, kai kana raye, amma hanya ɗaya nake ganinku. Abin nan yana hana ni cin abinci.

Kai ɗan fari ne. Kunya ba ta taɓa barina na kira sunanka ba, balle in ce ina kewarka. Baki ya kasa, shi ya sa na ɗauki biro. Ka zo gida, ɗana. Ba sai Sallah ba. Gidan nan na Runjin Sambo ya yi min girma.

Allah Ya tsare ka, Ya jiƙan mahaifinka, Ya nufe ni da jin sallamarka a zaure tun ina da ƙarfin tashi in amsa. Amin.

Taka,
Inna