Gurbi Ɗaya a Siton Magani

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ƙafar Umma? Ki ce mata labari ya iso ni cewa ta koma wanki da kanta, kuma ba haka likita ya ce ba.

Kin tambayi abin da ya hana ni zuwa hutu. Aikin sa-kai na shiga. Kada ki yi saurin sa mini albarka, don ba neman lada ne ya kai ni ba. Malaminmu ne ya ce duk wanda ya fita da takardar shaida tsurarta ya shirya zaman jira, masu ɗaukar aiki so suke su ga ka taɓa yin wani abu. Shi ne na ba da sunana a ɗakin karatu na unguwar bayan makaranta. Laraba da Asabar, wata uku, a ƙarshe su ba ni wasiƙar yabo.

Wurin ba shi da girma. Kwamfuta huɗu ce, biyu ke aiki, ta ukun sai an danne mata waya da littafi. Fanka ɗaya ce, a kan teburin Malama mai kula da wurin, kuma ba ta juyawa. Fankar nake nufi, ko da yake Malamar ma haka take. Aikina in buɗe wa mutane imel, in cika musu takardun neman aiki, in gyara musu tarihin aikinsu.

Akwai wani dattijo da ba ya fashi, Baba Mai Sito ake ce masa. Shekara ashirin da biyu yana riƙe da siton wata masaƙa, har ranar da aka sa mata kwaɗo. Yakan zo da takardunsa cikin leda biyu, ɗaya a cikin ɗaya, rigarsa a goge kamar yau za a kira shi. Da ya ji saye da ajiyar kaya nake karantawa, sai ya ce ashe 'yar gida ce. Yanzu ina koya masa jera kaya a kwamfuta, yana danna maɓalli da yatsa ɗaya kamar mai kashe kiyashi, shi kuma yana gaya mini abin da babu a littafi. Ya ce kwali ba ya jingina da bango, ba ya zama a ƙasa, kuma in ka buɗe sito da safe hancinka ne ke fara aiki kafin idonka.

Ki gaishe da kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Auta


Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina hidimar yara? Na ji daɗi da kika ce zazzaɓin ƙaramin ya sauka. Allah ya ƙara sauƙi.

Kin tuna kamfanin rarraba magungunan da na ce miki na nemi aiki a sitonsu? Mutum ɗaya suke so. To, ranar Laraba Baba Mai Sito ya shigo yana murmushi, ya miƙo mini wayarsa. 'Yarsa ce ta turo masa hoton sanarwar. Sanarwar aikin da na nema ce dai, ba wata ba.

Ban gaya masa ni ma na nema ba. Na ja kujera na cika masa kamar yadda nake cika wa kowa. Da na zo wajen ƙwarewa, nasa ya ci shafi guda har ya tsallaka. Nawa layi uku ne, ɗaya a ciki ma wannan ɗakin karatun ne.

Bayan ya tafi ina kashe kwamfuta, sai na ga takardar shaidarsa ta masaƙa ba ta hau ba, hoton ya yi nauyi. Sanarwar ta ce duk wanda bai haɗa shaida ba ba za a duba tasa ba, kuma Juma'a da azahar za a rufe. Shi bai sani ba, ba kuma yadda za a yi ya sani. Na kashe kwamfutar na tafi.

Ranar Alhamis na je aji, na yi wanki, na tsefe kaina. Na gaya wa kaina ai ba ranar aikina ba ce, kuma ba ni na ƙera na'urar ba. Juma'a da safe na je. Malama ta dube ni ta saman tabarau ta ce ko na ɓata lissafin kwana ne. Na rage nauyin hoton na tura, bai kai minti biyar ba.

Ba don ki yabe ni na rubuto ba. Alhamis ɗin nake son ki sani, don ke kaɗai zan iya gaya wa. Kada ki karanta wa Umma wannan.

Taki,
Auta


Yayata,

Sallama da gaisuwa. Ina fata duk kuna lafiya. Mayafin da kika aiko ya iso, shi na yafa zuwa ganawar, kuma ba wanda ya gane aro ne.

Mu goma sha ɗaya aka kira. Benci biyu ne a wani dogon baranda mai warin sabon fenti. Ina shiga na hango shi a ƙarshen benci, ledarsa a kan cinya. Duk sauran sa'o'ina ne. Da ya gan ni fuskarsa ta washe, ya ce, "'Yata, har kin biyo ni ki ƙarfafa mini gwiwa?" Sai idonsa ya sauka a kan ambulan da ke hannuna.

Na jira ya ce wani abu. Matsawa kawai ya yi ya ba ni wuri. Can ya ce in daina kaɗa ƙafa, ana hango mu ta taga.

Ba tambayoyin littafi suka yi ba. Wata mata mai farar riga ce ke shiga da mutum cikin siton, ta ce ya faɗi abin da ya gani. Ina shiga na ji warin danshi. Na bi shi har kusurwa, na tarar da kwalaye a jingine da bango, na ƙasan ya fara laushi. Na faɗa mata. Ta tambaye ni inda na koyi haka, tunda takarduna sun nuna ban taɓa aiki a sito ba. Na ce wurin mutum na bakwai a layi, yana nan zaune a waje. Ta rubuta wani abu, ban ga ko mene ne ba.

Na yi kusan minti ashirin a ciki. Shi kuwa da ya shiga na duba agogo, minti huɗu ya yi.

Tare muka taka zuwa bakin titi. Hirar kantocin siton ya yi ta yi, wai ƙarfensu mai kyau ne, sai dai an jera su kusa da juna, amalanke ba zai juya ba. Motar unguwarsu ce ta fara zuwa. Ya ce sai Asabar.

Ki taya ni da addu'a, ko da yake ban san me zan ce ki roƙa ba.

Auta


Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata wannan ta same ku cikin ƙoshin lafiya. Ki zaunar da Umma kafin ki gaya mata, kin san ta da tsalle an manta da ƙafa.

Sun ɗauke ni. Ranar ɗaya ga wata zan fara, bayan jarrabawar ƙarshe da kwana shida.

Saƙon ya zo mini ran Juma'a. Asabar na je ɗakin karatu, na tarar Baba Mai Sito ya riga ni. Har yanzu ba ya iya buɗe imel ɗinsa, ni ke buɗe masa. Saboda haka ni na karanta masa nasa: sun gode, sun yaba da ƙwarewarsa, za su ajiye takardunsa. Ya sa na maimaita, na maimaita. Sannan ya tambayi nawa, na faɗa masa. Ya ce, "Alhamdu lillahi, bai fita gida ba." Ya ƙara da cewa ranar farko in ƙirga komai da hannuna kafin in karɓi mabuɗi, ko da wanda zai miƙa mini ya rantse.

Daga nan ya ciro wata sabuwar sanarwa, wani kantin kayan gini ne ke neman mai sito. Ya ce amma a wannan karon in cire shekara goman farko daga tarihin aikinsa, in cire ranar haihuwa, don ya lura yawan shekarun ne ke tsorata su. Na ce Baba, ai su ne ƙarfinka. Ya ce ƙarfin da bai buɗe ƙofa ba gara a bar shi a gida.

Na shafa layukan na danna maɓalli ɗaya, suka tafi. Tarihin ya dawo rabin shafi. Ya sa tabarau ya karanta a hankali tun daga sama, ya ce to, yanzu ya zama yaro, a tura. Na tura, na kuma duba sau biyu cewa komai ya hau.

Wata ukuna sun cika, Malama ta ba ni wasiƙata. Na ce mata Laraba ba za ta yiwu ba yanzu, amma ta bar mini Asabar. Ta ɗauki biro ta rubuta.

Ki gaishe da maigidan da yara. Ki ce wa Umma ina nan tafe bayan jarrabawa, kwana uku kawai zan yi.

Ƙanwarki,
Auta