Tawadar Allah a Kuncin Umma

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Yaya shago da ɗinki? Ƙafar Umma ta daina kumburi? Ni lafiyata ƙalau, ina cin abinci, kada ku damu. Sanyi ne kawai, kuma an ƙara mini bargo.

An fara koya mana zanen mutane da fentin ruwa, irin dogayen matan nan 'yan kwalliya da kike liƙawa a bangon shago. Malamarmu ta ce fuska shafa uku ce da buroshi, sai a ɗauke hannu ta bushe. Duk wadda ta koma kan jiƙaƙƙiyar takarda ta ɓata aikinta.

Jiya ta ce kowa ta zana wani nata. Na zana Umma cikin doguwar riga shuɗiya, rigar ta yi kyau har 'yan aji suka taru a kaina. Da na zo fuska, sai na rasa a wane kunci tawadar Allahnta take. Na ɗiga a dama na goge, na ɗiga a hagu na goge, har takardar ta huje. Malama ta ce, "Ke, zane kike ko wanki?" Aka yi dariya, ni ma na yi.

Yaya, wata bakwai kacal da rabona da ita. Don Allah kada ki gaya mata. Ki dai dube ta da kyau, ki rubuto mini: dama ko hagu? Na sake zana rigar a sabuwar takarda, fuskar tana nan fara tana jiran amsarki.

Allah ya ƙara wa shago albarka.

Ƙanwarki