Minti Sha Biyar Babu Inna

Daren Talata, 9 ga Safar

Yau kwana goma da rasuwar Inna. Da safe maƙwabciyarmu Hajiya Zahra ta shigo da butar shayi kamar yadda ta saba kafin rasuwar.

"Ɗiyata, kunna mana musalsal ɗin Japanawan nan. Mun baro yarinyar tana neman shago."

Wata biyar muna kallon wannan fim mai dogon zango mu uku, ni da ita da Inna, a jawwal ɗina, wato wayata, minti sha biyar kullum. Ni ke karanta fassarar Larabcin da ke ƙasan hoton ina mayar musu da Hausa, don rubutun ya yi musu ƙanana.

Na kunna. Yarinyar ta samu shagon, ta dafa taliyarta, layi har titi. Na fassara komai, muryata ko rawa ba ta yi ba. Hajiya ta yi ta kuka, wai Inna ta fi kowa son ganin ranar nan. Ni ban ji komai ba.

Sai yanzu na lura, tun da masu gaisuwa suka watse ban yi Hausa da kowa ba sai yau. Yarana da Larabci suke amsa min.

Hajiya ta ce gobe ma za ta zo. Na sa jawwal a caji.