Saƙon da Bai Iso Kan Lokaci Ba

Assalamu alaikum Yaya Sodangi,

Ina fatan kuna lafiya, kai da Inna da su Nazifa. Ya ƙarin haƙuri? Allah Ya jiƙan Baba, Ya sa Aljanna ce makomarsa.

Wannan takarda wani ɗalibi ɗan Ƙaura na ba wa, zai miƙa ta ga direbobin Shinkafi, tunda har yau ba a maido muku da sabis ɗin waya ba. Na gode da wahalar da ka sha, ka tafi har bakin iyaka da layin Nijar don ka kira ni ka sanar da ni rasuwar. Allah Ya tsare ka a hanyar nan.

Ni lafiya lau nake, sai dai barci ya yi wuya. A nan Malesiya jami'a ta karrama ni. Manhajar da na rubuta, wadda ke isar da labarin marar lafiya ga likita nan take, asibitoci da dama sun karɓe ta, masu bincike kuma suna ta ambaton sunana a rubuce-rubucensu. Ranar da ake tafa mini, Yaya, ashe har kun yi sadakar bakwai ban sani ba.

Kullum Baba kan tambaye ni, "Bara'atu, abin nan naki ya kusa isowa Jangeru?" Nakan ce masa saura kaɗan, shi kuma ya ce Allah Ya nuna mana.

Don Allah ka ajiye mini tsohuwar wayarsa. Kar a goge lambata daga ciki.

Ƙanwarka,
Bara'atu