Tebur Biyu a Ranar Alhamis

Royce,

Ina gargaɗinka tun daga layin farko: idan ka gama karanta wannan, kada ka ɗauki waya ka kira kowa a garin nan. Wayarka ta yi ɓarnar da ta isa.

Bayan haka, ina fata kana lafiya. Yaya aikin rijiyar mai da sanyin Dakota? Yaya ciwon bayan? Mu nan Texas lafiya, sai abin da za ka ji.

Tun ranar da Cade Ledbetter ya karye a kafaɗa, garin nan ba shi da magana sai ta wanda zai gaje shi a ƙungiyar ƙwallon Amurka ta makaranta, ya zama kwatabak, mai jefa ƙwallo. Yara biyu ne a layi: Colby ɗinmu da Trace ɗan ƙanwata Darlene. Koci Pruitt kuwa har yanzu bai zaɓi kowa ba.

Awa takwas nake yi a gidan abinci ina zuba kofi ina sauraro. Tsoho Virgil ya ce, "Trace hannu gare shi kamar bindiga." Hoyt mai aski ya ce, "Bindigar da ba saiti? Kai da ko allon maki ba ka gani sai an karanta maka!" Sai su juyo kaina: "Lorene, ɗanki ne da ɗan ƙanwarki, raba mu." Me zan ce? Kanti haka, gidan mai haka, har ƙofar majami'a. Dattawa da furfurarsu suna taya yara kamar shanu a kasuwa, ko kunya babu.

Ka san al'adar garin nan sarai. Ranar Alhamis uwar kwatabak ce ke ciyar da ƙattan nan biyar masu tare masa gaba, kuma inda suka ci, nan ne gidan kwatabak. Amma ka bi iyayensu da waya kana gayyata, ba ka tambaye ni ba, ba ka jira koci ba. Mijin Darlene ya ji, shi ma ya yi tasa gayyatar.

Uku suka zo mana, biyu suka tafi can. Na gasa nama da dankali, don ba na korar baƙo. Ana cikin ci ɗayansu ya ce, "Gobe mu biyar za mu jeru, ko uku da biyu?" Ba wanda ya yi dariya. Colby ya ture farantinsa.

Ka yi wa kanka faɗa. Colby na gaishe ka.

Matarka,
Lorene

Royce,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji ka ce bayan ya yi sauƙi, na gode wa Allah.

Tunda ka ce rediyo bai kama wasan ba, ga abin da ya faru. Koci ya raba wasan, rabi Colby, rabi Trace. Sau huɗu aka maka ɗanka da ƙasa, sau uku aka maka Trace. Rabin masu kallo suna yi wa ɗaya ihu, rabi suna yi wa ɗayan. Muka sha kashi. Yanzu Hoyt na rantsuwa cewa biyun da suka ci a gidan Darlene da gangan suka buɗe wa abokan hamayya hanya a kan Colby, Virgil na faɗin haka a kan ukunmu.

Yaran da na yi wa wanka a baho ɗaya sun daina shiga mota ɗaya. Darlene ta canza benci a majami'a. Da safen nan Colby ya ce min, "Mama, in na bari, Baba zai ce na ji tsoro. In na ci gaba, na rasa Trace." Saura wasa shida, Royce, kuma ba inda za mu.

Bakin gari ya fi ƙarfina, koci ma haka. Abin da ke hannuna shi ne murhuna. Ka kula da kanka, ka riƙa cin abinci mai zafi, amma ka ji dokata: ko wa koci ya zaɓa, ba a sake ɗora tukunya a gidan nan ranar Alhamis sai Trace na zaune a teburina. Kuma wayar gayyatar Trace kai za ka buga wa mijin Darlene, ba ni ba.

Matarka,
Lorene