Ni Na Wanke Motar, Kawu Ya Ɗauki Laifi

Inna Mwajuma, don Allah ki taimake ni, na kasa faɗa wa kowa wannan da baki. Bara na gama firamare, yanzu ina gida a Lushoto ina taya Mama aiki.

Baba yana da tsohuwar ƙaramar bas, irin mai canja giya da kanta. Kawu Kihiyo, ƙanen Mama, shi ke tuƙa ta, yana kai mutane da kabeji garin Mombo. Ranar da za a ɗauki amaryar maƙwabtanmu aka ce in wanke ta tas. Na wanke jiki da kujeru, sai na ce bari in burge Baba, in wanke har inji. Na ga wata doguwar sanda mai jan kai duk ta yi maiƙo, na zaro ta, na goge da toka, na shanya a kan dutse yadda muke shanya ludayi. Sannan na yi ta kwara wa injin ruwa, da na gama na mayar da sandar. Wallahi ban san ramin da ta fito har cikin giya yake kaiwa ba.

An kai amarya lafiya. Bayan 'yan kwanaki motar ta sauya hali. In ta zo hawa sai inji ya yi ta ihu ita kuwa tana jan ƙafa, in an sa ribas sai ta yi jim kafin ta zabura. Kawu har yana raha wai tsohuwa ce, sai ta nemi izinin kakanninta take motsi. Da makanike ya duba ya ce man giya ya koma kamar shayin madara, ruwa ya shiga.

Baba ya ce Kawu ne ya yanke hanya ta cikin rafi. Kawu ya rantse bai bi ta rafi ba, Baba ya kira shi maƙaryaci a gaban mutane, ya ce ƙarshen wata zai karɓe makulli. Matar Kawu ga tsohon ciki. Kawu ya daina cin tuwo a gidanmu, amma har yanzu yana aiko min da rake, ni kuwa na kasa sha. In na je gaban Baba don in faɗa masa, sai in juyo. Yaya zan yi?

Mai Kunya, Lushoto

'Yata, wankin inji kuskure ne na mai son a yaba mata, kuma babu wanda ya taɓa nuna miki cewa sandar nan ta auna man giya ce. Ba zan tsawata miki a kansa ba. Shirun ne abin gyara, domin kullum yana ƙara cin mutuncin kawunki.

Tunda baki ya ƙi, kama Mama a kicin yau, ki nuna mata wannan shafi. Ku shiga wurin Baba tare bayan ya ci abinci. Zai yi faɗa, motar ce abincin gidanku, ki jure. Faɗan uba da 'yarsa yana hucewa da wuri, na surukai kuwa yakan kai shekaru.

Motar kuma a ajiye ta, kowace tafiya tana ƙara cinye giyar. A juye man, a sauya matacinsa, a zuba sabon mai irin wanda aka yi mata, wataƙila sau biyu ko uku kafin ya fito ja garau. A duba lagireto ma. A tsofaffin motoci irin wannan bututun man giya ta cikinsa yake bi, in ya huje ruwa na shiga ko babu bokitinki. Ko ma mene ne aka gano, ki faɗi naki.

Sannan ki je gidan Kawu da ƙafarki ki roƙi gafara, kada ki aika kowa. Baba kuma, a gaban mutane ya ƙaryata shi, a gaban mutane ya kamata ya wanke shi. Wannan ki bar wa Mama ta faɗa masa.

Allah ya ba ki ƙarfin zuciya, ya sauki matar kawunki lafiya.

Inna Mwajuma